Ɗaurin Bazazzagi

Duk wanda ya yi safarar kaya daga Guangzhou ya san cewa a kwantena wuri ake biya. Idan ka sayi riguna a kasuwar Canaan ka zuba su a buhu yadda ake zuba wanki, to rabin abin da ka aika gida iskar China ce, kuma har yau ban ga wanda ya sayar da ita a Kantin Kwari ba. Shi ya sa masu ɗaurin kaya suke da daraja a wurinmu, ko da yake ba ma faɗa musu don kada kansu ya kumbura. Wanda zan ba da labarinsa bai jira an faɗa masa ba. Da kumburarren kansa ya sauko daga jirgi.

Bazazzagi ne, Allah ya jiƙansa, kuma wannan ba laifinsa ba ne, jarrabawa ce. Ni Bakano ne, saboda haka bawana ne tun kaka da kakanni. Shi kuma har ya bar duniya yana cewa ni ne bawansa. Ba mu gama shari'ar ba aka kira shi.

A wani sito yake aiki a bayan dogayen benayen Xiaobei, inda muke tara kaya kafin a loda. Mai siton wata 'yar China ce, gajera, muryarta ta fi ta tsawo. Lawban muke ce mata, wato mai gida, don haka ake kiran duk mai shago a can ko mace ce. Tana da ma'aikata 'yan ƙasarta da suke matse kaya da inji, su ɗaure da bel na roba, su naɗe da salatif. Aikinsu ba laifi. Amma in kayanka na tufafi ne kuma kana ƙaunar kanka, Bazazzagi za ka jira.

Kafin ya fara sai ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya kori mai kaya gefe. Kowace riga sai ya zare ta daga ledarta, wai leda gidan iska ce. Ya nannaɗe ta kamar tabarma ya jera. Ya cusa safa cikin takalmi, ya cusa ɗankwali cikin ƙaramar jaka, ya cusa ƙaramar jaka cikin uwarta. In buhu ya kai rabi sai ya hau kai ya yi ta tattaki, hannu a baya, fuska a murtuke kamar alƙalin da aka kawo wa rikicin gona. Ya ce a ƙauyensu ya koya, wajen danna auduga da busasshen barkono. Ba ya yarda da bel na roba. Farar igiya yake so, yana ja yana tokarewa da ƙafa har sai ta yi ƙara kamar tsirkiyar goge. Sannan ya yi wani ƙulli nasa wanda ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Ba a kwance shi, sai dai a yanka. Daga nan ya mari dilar da tafin hannu ya kara kunne kamar mai sayen kankana. In bai ji abin da yake so ba, ya yanke ya sake daga farko, ko da motar kwantena tana bakin ƙofa direba yana ta danna hon, lawban tana ta tsalle.

Ga baki. Yana aiki yana cin mutuncin kayanka.

"Alhaji, waɗannan rigunan da idonka ka zaɓa, ko a waya aka karanta maka?"

"Kai dai ɗaure. Bawa ba ya tambayar ubangidansa."

"Ubangidan da yake tsaye a rana yana jiran bawa ya gama shan shayi. Matan Kano dai sun ga ta kansu. Matsa, kana tare mini haske."

In ya gama ya miƙa maka, nasiha ɗaya yake yi: in ka kai gida, ka fitar da yara daga ɗakin kafin ka sa wuƙa. Duk mun ji wannan nasihar har mun haddace. Ina faɗa ne don a san ba rashin sani ne ya kai mu ga abin da ya biyo baya ba.

Wata rana bayan la'asar ya zauna a kan kwali ya ce kansa yana sarawa. Aka kai shi asibiti, bai fito ba. Bayan an sha zirga-zirgar takardu aka samu aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta can. Ban san Hausawa sun kai haka yawa a garin ba sai ranar. Kanawa, mutanen Nijar, 'yan Zangon Ghana, duk waɗanda ya zaga sun zo, kowa ido jawur. Da aka zauna ta'aziyya sai ya zama gasa ake, kowa yana kawo irin zagin da aka yi masa yana alfahari da shi. Wani babban alhaji ya ce shi an taɓa ce masa tumbinsa kaɗai ya isa rabin kwantena. Ya faɗa yana dariya, sai kuma ya rufe fuska da babbar riga.

Da na dawo masauki babban ɗansa ya kira ni daga Zariya. Bayan mun yi wa juna gaisuwa ya ce mahaifiyarsa tana son magana da ni. Ban taɓa ganinta ba, amma ta san ni, don marigayin ya sha gaya mata yana da wani tsohon bawa Bakano da yake ciyarwa.

Ta ce, "Alhaji, akwai dila a ɗakinsa. Kayan da yake tara mana ne, ya ce da ita zai dawo gaba ɗaya. Ya gaya mini ya riga ya ɗaure."

Na ce na san ta, na sha ganinta a lungun ɗakin.

"Don Allah yadda ya ɗaure ta, haka nake so ta zo. Tun da ya tafi China, duk abin da ya aiko ni nake yanka igiyar, ko 'ya'yansa ba sa taɓawa. Ban ga gawarsa ba, ba zan ga kabarinsa ba. A bar mini wannan."

Na ce, "Hajiya, kin gama magana. In dai ina numfashi, ba mai taɓa igiyar nan sai ke."

Haka na faɗa, da babbar murya, irin ta mutumin da bai san gobe ba.

Bayan addu'ar uku muka je ɗakinsa a Dengfeng don mu tattara abin da ya bari. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman wani shagon waya, katifa ɗaya, buta, tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, sai dilar a tsaye a lungu, ba ta fi ƙugun mutum ba. Mu uku ne. Da ni, da malamin da yake ja mana salla, wanda a sauran lokutansa cajar waya yake sarawa, da wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, dogo, mai sanyin magana, wanda kayan yara yake saya.

Muna cikin naɗe katifa sai mutumin Maraɗi ya yi gyaran murya. Ya ce akwai wata 'yar magana. Ya saya wa tsohuwarsa na'urar gwada hawan jini, ya ba marigayin ajiya, marigayin ya ce masa ya sa ta wuri mai kyau. Muka duba ƙarƙashin katifa, muka duba cikin tukunya. Babu. Sai duk muka juya muka kalli dilar, don wuri mai kyau a wurin Bazazzagi ai ɗaya ne.

Na ce, "Ba damuwa. Ta isa Zariya, in Hajiya ta yanka sai a aika maka."

Mutumin Maraɗi ya ce, "Haka ne, Alhaji. Ko kuma in sayi wata, abin ba shi da wuya."

Da an bar mu mu biyu da magana ta ƙare a nan. Amma Malam ya gyara zama. Ya ce ba maganar na'ura ake ba, maganar amana ake. Amana ce a wuyan mamaci, kuma kwantena watanni take yi a teku. Za mu bar bawan Allah a rataye har jirgin ruwa ya isa Legas? In kuma ta shiga cikin kayan marayu ta cakuɗe fa?

Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi wa matarsa alkawari. Shi ma alkawari ai kaya ne."

Sai ya jawo Larabci mai tsawo. To ni karatuna bai yi nisa ba ta kowane ɓangare. A boko, ranar da mahaifina ya ga na iya ba da canji ya ce ya isa haka. A allo kuma ban tsere wa tsara ba. In aka jawo Larabci sai in ce amin, don ban san inda hujja ta ƙare addu'a ta fara ba. Na ce amin. Malam ya ɗauka na yarda.

Ya ce, "Ai ba yankawa za mu yi ba, Alhaji. Ƙulli ɗaya za mu sassauta, a zura hannu a zaro, a mayar. Ko ita ba za ta gane ba."

Muka durƙusa, dattawa uku, muna neman bakin ƙullin. Na sa farce, farcen ya karye. Mutumin Maraɗi ya sa makulli, makullin ya lanƙwashe. Malam ya sa haƙori, sai ya tuna na gaban ba nasa ba ne, a can China aka dasa masa. Ya miƙe yana haki, ya zaro 'yar wuƙar da ke jikin abin yanke farcensa, ya ce igiya ɗaya tak, ta gefe, wadda ba ta riƙe komai.

A ɗaurin Bazazzagi babu igiyar da ba ta riƙe komai.

Da farko wata 'yar ƙara muka ji kamar akuya ta yi atishawa. Sai shiru. Malam ya juyo ya yi mini murmushi. Sannan dilar ta ja numfashi. Ban san yadda zan faɗa ba in ba haka ba, da idona na ga ta ja numfashi. Igiyoyin suka shiga tsinkewa da kansu, buhun ya dare, kaya suka fara fitowa kamar an buɗe ƙofar makarantar firamare. Filalla ne a gaba, waɗanda ya matse har suka koma kamar gurasa, kowanne yana fitowa yana kumbura yana neman wurin zama. Sai barguna masu laushi, sai labulaye, sai gidajen sauro, sai rigunan sanyi na jikoki, sai zannuwan gado, sai wasu filallan. Mutumin Maraɗi ya koma kan taga yana salati. Ni na zauna a inda nake, kaya suka rufe ni har ƙirji. Malam ya yi baya da baya har ya manne da ƙofa, ita kuma ƙofar ciki take buɗewa, saboda haka ba fita.

Da ƙura ta lafa muka shiga tono. Muka zazzage kowane bargo, muka lalube aljihun kowace rigar sanyi. Ba na'ura. Ina ɗaga kai don in share gumi sai na hangi wata baƙar leda a rataye a ƙusa a bayan ƙofa, daidai saman hular Malam.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ɗan miƙa hannu sama."

Ya miƙa, ya sauko da ita. Na'urar ce a cikin kwalinta. Muka zuba mata ido. Can mutumin Maraɗi ya ce a hankali, "Lalle wuri mai kyau ne." Malam ya ce alhamdu lillahi, amana dai ta sauka daga wuyan mamaci. Na ce ta sauka, ta hau nawa.

Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa. Sai da muka tura filalla kan taga kafin ƙofar ta buɗu kaɗan. Lawban ce da ma'aikatanta biyu, waɗanda suka yi shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa da marigayin. Sun sa baƙaƙen kaya, sun riƙo fararen furanni, don haka suke ta'aziyya a can. Ba su samu zuwa maƙabarta ba, suka ce bari su zo ɗakinsa. Malam ya karɓi furannin yana jujjuya su, bai san hukuncinsu ba, daga ƙarshe ya tsoma su a buta.

Matar nan da ban taɓa jin ta yi shiru ba, ta tsaya tana kallon ɗakin. Ta sunkuya ta tsinci guntun igiyar da ƙullin yake jiki, ta riƙe, sai hawaye. Ɗaya daga cikin mazan ya juya ya fuskanci bango. Da ɗan Turancina da ɗan nata da nuni da hannu na tambaye ta ko za a iya mayar da kayan nan dila ɗaya yadda suke. Ta girgiza kai ta ce, "Meyo." Wato babu. Kalmar nan na ji ta a bakinta ba adadi, in ka nemi ragi, in ka nemi a yi maka sauri, kullum da tsawa. Ranar ce kaɗai ta faɗe ta a hankali.

Duk da haka sun gwada. Aka kwashi kayan zuwa sito, mazan nan biyu suka tuɓe riguna suka kunna inji. Suka matse, suka hau, suka yi tattaki yadda suka ga marigayin yana yi, ɗayansu har da sa hannu a baya. Kafin magariba an samu dila biyu manya da jakar Ghana-mas-go guda cike da filallan da suka ƙi shiga. Babban cikinsu ya ce shi zai yi ƙullin, wai ya daɗe yana kallon yadda ake yin sa. Ya yi iya yinsa. Abin ya fito kamar ɗaurin akuyar da za a kai kasuwa. Shi da kansa ya kalla ya yi dariya, ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Saura waya. Na ce Malam ya kira, tunda wuƙarsa ce. Ya ce mace mai takaba ba a son ta yawaita magana da maza, wanda ya riga ya fara shi zai ƙarasa. Wannan karon bai ma jawo Larabci ba.

Na kira. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ba komai, Alhaji. Allah ya saka da alheri." Na yi shekaru ina ɗaga kaya, ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan ba komai ɗin ba. Da zagina ta yi irin na mijinta da na samu sauƙi.

Mutumin Maraɗi yana gefe yana ji. Da muka fito bakin titi sai ya kama hannun rigata.

"Alhaji, ina da dila cikin siton nan. Kayan Sallah ne na yara. Shi ya ɗamre ta da safen ranar da ya kwanta, bai ɗamre wata ba bayanta. A kai mata. Ta yanke igiya da hannunta, in ta gama sai ta turo mini kayana Maraɗi."

Na ce, "Kayan Sallah fa ka ce. In suka makara?"

"Akwai lokaci. Yanka igiya ai ba ya ɗaukar wuni."

Na sake kiranta. Na ce, "Hajiya, kayan ciki ba naki ba ne, na wani bawan Allah ne. Amma ɗaurin nasa ne, kuma shi ne na ƙarshe." Ta ce, "A kawo."

Lawban da kanta ta tsaya aka loda ta, ta hana a ɗora komai a kanta. Allah ya rufa asiri ba wanda ya farke ta a hanya. Da kaya suka iso Kano na ɗauki mota na kai Zariya da kaina, na shiga garin bayina ba tare da an yi mini tarba ba, na haƙura saboda makoki. Lokacin ta fita takaba. 'Ya'yanta suka sauke dila biyun da jakar filalla, ko kallonsu ba ta yi ba. Aka mirgino ta ukun tsakar gida. Tun kafin in yi magana ta sa aka kwashe yara aka kai su zaure. Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako wadda wasawa ya cinye rabinta. Ni na koma bayan turmi na tsaya, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Ta dafa ƙullin. Ta bi shi da yatsa tana neman bakinsa, ta san kuma ba za ta samu ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta ce wa babban ɗanta, "A shigar mini da ita ɗaki. Yau na gaji, sai gobe."

Aka kawo mini fura na sha, na kama hanyar Kano.

Goben nan har yau ba ta yi ba. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ɗan ya gaya mini tana nan a gefen gadonta, ta rufa mata zane, in damina ta yi sai ta sa a ɗora ta kan katako saboda danshi. Ni da mutumin Maraɗi muna haɗuwa a Xiaobei in tafiyarmu ta zo ɗaya. Mukan gaisa, a tambayi iyali, a tambayi tsohuwa da hawan jininta, a tambayi kasuwa. Sai mun kusa rabuwa yake rage murya.

"Alhaji, ta yanka?"

"Ba ta yanka ba."

"To. Madalla."

Bara na ga abin ya yi yawa, na ce masa in yana so zan yi mata magana cikin dabara, tunda ni na kai. Ya riƙe hannuna ya ce kada in soma. Ya ce yaran da ya sayo kayan dominsu ai sun riga sun yi girma, gara a jira ƙannensu.